Neman Baƙin Ɗigon Galas har Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tare ni, a bakin pompo a tare ni, har a makarantarmu ta manya, inda na koyi riƙe biro bayan na aurar da ƴaƴa, Malama ta ajiye alli ta ce sai na faɗi abin da ya kai ni Kwatano na bar miji a kwance. To ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ku bar ni in yi aikina. Masu cewa fatauci na tafi da masu cewa wurin boka na je, duk ku matso kusa.

Maigidana, wanda duk Dogon Dutsi ke kira Direba, a kan kamyo, babbar motar kaya, ya tsufa, tsakanin Yamai da Kwatano. Farkon damina ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinshi na dama ya mutu, baki ya karkace. Anka sallamo mu daga likita da magani, munka dawo gida, sai ya daina ci. Fura ya kau da kai, kunu ya kau da kai, romon kaza ya rufe ido. Lokotoro ya ce in anka ci gaba a haka, Doso za a kai shi a zura mishi tiyo ta hanci. Shi kuwa tun da ƙafafunshi ya taɓa ganin an yi wa wani abokinshi haka, ya dawo ya ce mini, "Ko mutuwa nike, kar ki bari su yi mini wanga." Tun muna matasa muke faɗa ni da mutumin nan, kan gishiri, kan rediyo, kan komi. Bai taɓa roƙona wani abu ba sai wannan.

Kalma ɗaya ke fita bakinshi sarai: "Galas." Ba ƙanƙarar da muke jefawa a ruwa yake nufi ba, madarar nan da ake daskararwa a sha da cokali. Duk gidan mun san labarin, ya ishe mu da shi tun yara na ƙanana. Wai akwai wani shago kusa da por na Kwatano, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, in sun gaji da jiran lodi sai su je su sha galas mai ƙamshin banil, da wasu baƙaƙen ɗigo ƙanana a ciki. Ni da nake saida yawur, wato yogot, a leda na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na dafa madara, na ɗiga arom, ruwan ƙamshi na kwalba, na sa a firigo. Ya lasa, ya tofar. "Ɗigo," ya ce da ƙyar. Na ce ɗigo kake so? Na daka masoro na barbaɗa. Tarin da ya yi ranar, ɗiyata Ramatu saura kaɗan ta kore ni daga ɗakin mijina.

Ita ce ta duba a waya ta nuna mini hoto. Ashe banil ba ruwan kwalba ba ne, ɗan itace ne, dogo baƙi kamar kwanson wake da ya ƙone, ɗigon kuwa ƴaƴan cikinshi ne. Na aika Yamai, anka kawo mini kwalba. Na sake aikawa da hoton, anka ce an zaga ba a samu ba. Na dubi Direba, wuyanshi ya zama kamar na zabo. Na ɗaure kayana.

Yayarshi, Yaya Ladi, wadda ta taso daga ƙauye don jinya, ta tsaya mini a zaure. "Ke wace irin mace ce? Miji na kwance kina ɗaukar jaka?"

"Zaman da nike gabanshi ya sa shi ci? Magani za ni nema."

Da na san abin da kalmar nan za ta jawo, da na tsaya na yi mata bayani. Amma kar, motar fasinja, na jira na, ni kuwa ban iya dogon zance da Yaya Ladi ba.

A Kore Mairuwa wata ta shigo, mai faɗi, da buhunan kilishi da ledar goro, ta zauna rabin kujerarta rabin cinyata. Na ce, "Baiwar Allah, tikiti biyu kinka yanka?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma rabi kinka yanka, ga ki kamar kara." Kafin Doso mun raba goro. Hajiya Sa'a ke nan, mai kai kilishi Kwatano ta sayo atamfa. Da na gaya mata abin da za ni nema, ta yi dariya har ta ƙware. Sannan ta share hawaye ta ce, "Nawa mijin ko ruwa ban ɗebo mishi da gudu ba. Ki biyo ni, kar ki ɓace."

Daga Doso zuwa Gaya ban zauna daidai ba. Duk inda kar ta tsaya, don salla ko don a sauke buhu, ni ce ke leƙa taga ina yi wa direba magana. Har ya juyo ya ce, "Inna, ko ke za ki karɓi sitiyari?" Na ce, "Matar direba ce ni, ɗana, na san tsayawar dole na san ta shan shayi." Mutanen mota sunka yi ta dariya, ni kuwa waya na hannuna. Na kira Ramatu. Ya ci? Ruwa kawai, cokali kaɗan.

A Gaya gada a rufe take, sai ta jirgin ruwa. Ku da ba ku taɓa ganin gulbin nan da damina ba, ba zan ɓata tawada ba, ruwa ne ja mai yawa kuma ba ya tsayawa. Mu mutanen Arewa, da ake ce wa macenmu Ba'ara, ruwanmu na rijiya ne, a guga muka san shi. Anka loda mu a jirgin katako tare da babura da buhunan albasa. Wajen shiga ƙafata ta nutse a laka, na zaro ta ba takalmi. Mai jirgin, Bazabarme, yana ce mini "fofo, fofo," sannunsu ke nan, na ce fofo ba ta sa takalmi. Haka na shiga ƙasar Benin da takalmi ɗaya, ɗayar ƙafar cikin ledar goron Hajiya Sa'a. A Malanbil jandarma ya dubi katina, ya dubi ƙafata, ya miƙo mini katin. Ina jin ya ga abin da ya same ni ya isa.

Hanyar kudu doguwa ce, kuma tun daga Kandi na fara ganin abubuwan da Direba bai taɓa faɗa mini ba. Mata a kan babur, da goyo, da tire a ka, suna tsere da maza. Mata ke saida esansi, man mota, a kwalabe a bakin hanya. A Paraku anka sauke mu cin abinci, anka kawo sakwara da miyar gyaɗa da cuku soyayye. Cukunsu ba irin namu busasshe da ake karyawa ba ne, laushi gare shi kamar tsoka. Daɗi kam akwai. Na kai loma uku, na tuna wanda na baro, na tsame hannuna. Hajiya Sa'a ta jawo kwanon gabanta. "In kin rame ke ma, wa za ya yi jinyar wa?" ta ce, tana cinye rabona.

A Kwatano mun sauka Zongo, gidan wata mutuniyar Dumega da ta daɗe can tana saukar da fatake mata. Ɗaki ɗaya, tabarmi jere, kowa da jakarta a ƙarƙashin kai. Abin da ya fi damuna a garin nan ba hayaniya ba ce, danshi ne. Na wanke zane na shanya, gari ya waye yana nan jiƙe. Gishirinsu a dunƙule yake. Jikin mutum kamar an shafa mishi koko. A wurinmu abin da ya bushe shi ne mai lafiya, hatsi, kuɓewa, kuka, tattasai, nama. Can kuwa ba abin da ke bushewa, kuma ba su damu ba. Gaisuwarsu ma gajera ce. Ba mai tambayarki gajiya, da gida, da yara, da ruwan bana. Kalma biyu an wuce. Ranar farko na ji haushi, rana ta biyu na gode musu, don ni ma sauri nike.

Na ce sai na ga shagon Direba da idona. Munka hau zemijan, kabu-kabunsu ke nan, masu riga ruwan ɗorawa. Nawa ya ratsa tsakanin kamyo biyu, na damƙe shi a ciki har ya yi ƙara. Munka bi kwatancen da na haddace tun ina amarya, munka iske wurin. Wayoyi ake saidawa. Yaron shagon bai ma san an taɓa shan wani abu a nan ba. Na tsaya a bakin titi da sabon takalmin roba, ga teku can anka ce in duba, ban duba ba. Na kira gida. Ramatu ta ce lokotoro ya zo, ya ɗaga fatar hannun babanta ta tsaya ba ta koma ba, ya ce kar a wuce ranar kasuwa ba a kai shi Doso ba. Ta ce, "Inna, ki dawo hakanan." Na kashe wayar.

Uwar ɗakinmu ta Zongo ce ta ce mu shiga babbar kasuwa, layin masu kayan gato, wato kek, mu nemi wata tsohuwa da ake kira Maman Rozin. Mun same ta a kan kujera mai tsawo, da tabarau, da hannuwa kamar na mai dambe. Faransancina na makarantar manya ya ƙare a gaisuwa, Hajiya Sa'a ta karɓi tafinta. Tsohuwar ta jawo kwalabe biyu masu faɗin baki. Ta buɗe ta farko, ƙamshi ya bugo ni, na gane duk abin da nake ɗigawa a yawur shekara da shekaru ƙaryar wannan ce.

Na sa hannu na fara zaɓe yadda uwata ta koya mini zaɓen kuɓewa. Masu laushi da maiƙo na ture gefe, na ce waɗannan ba su bushe ba, ruwa za a auna mini. Na samo siriri mai tauri, na karya shi a kunnena, ya ce ƙas. Na ce yawwa. Sai ji na yi an make mini hannu.

Na miƙe. Hajiya Sa'a ta riƙe mini zane. "Zauna, Ba'ara, ba garinku ba ne."

"Tambaye ta don mi ta buge ni."

"Ta ce kin karya mata kaya, kuma kin zaɓi matacce. Ta ce wa ya aiko ki, maƙiyinki?"

Tsohuwar ta ɗauki ɗaya daga waɗanda na ture, mai kauri, baƙi, yana sheƙi. Ta naɗe shi a yatsana kamar zobe, ta sake, ya miƙe bai tsage ba. Ta murza shi, maiƙo ya kama mini fata. Wanda ke karyewa, in ji ta, ƙamshinshi ya tafi. Na nuna wani mai farin gari-gari a jiki na ce to wanga ai ya yi hunhuna. Ta kai mini shi hanci. Ba warin ruɓa, ƙamshi ne tsantsa. Ta ce hunhuna na da wari kuma kamar auduga yake, wannan mai ƙyalli kuwa ƙarfin abin ne ya fito waje.

Ta tambayi ko gato zan yi. Hajiya Sa'a ta ba ta labarin Direba, ta ƙara gishiri yadda ta saba. Tsohuwar ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Sannan ta kira maƙwabciyarta ta tsare mata kaya, ta ja mu bayan rumfa inda take da kurfo, murhun gawayi. A nan ta koya mini. A tsaga sandar a tsaye, a kankare ƴaƴan da bayan wuƙa, a jefa su da kwanson cikin madara, a ɗora a wuta marar ƙarfi. A kaɗa gwaiduwar ƙwai da sukari har ta yi fari, a zuba madarar a kai sannu sannu. A mayar wuta ana juyawa, kar a kuskura ta tafasa, har ta kama bayan cokali, in an ja yatsa hanya ta tsaya. Na ce mata wutarmu ba ta da alkawari, firigo na iya kwana a mace. Ta ce kakarta ba ta san firigo ba. A fasa ƙanƙara a bokiti, a zuba gishiri da yawa, a nutsa kwanon a ciki a yi ta juyawa. Da za mu rabu ta naɗe mini sandunan a takarda mai maiƙo, na ƙara da farin ƙyalle. Ta kama kunnenta ta ce in ji: ban da rana, ban da firigo. Hajiya Sa'a ta ce, "Ta san ku, ta ce kar ki je ki shanya a kan rufi."

Ban jira Hajiya Sa'a ta gama sayen atamfa ba. Ta raka ni gar, tashar mota, tana zagina, ta cusa mini kilishi a jaka.

A dawowa, bayan mun ƙetare ruwa, anka tsaida mu bincike. Wani matashin ɗan duwan, mai binciken kaya a iyaka, ya zazzage jakata, ya ci karo da farin ƙyalle, ya kwance, ya zaro sanda ɗaya yana juyawa.

"Mine ne wanga, Inna?"

"Na mai jinya ne."

Ya dubi katina. "Dogon Dutsi." "Ta wajen Lugu?"

"Can anka haifi uwata."

Gaskiya na faɗa mishi duka biyun. Ku kun san abin da mutane ke ɗauka game da mu, ko wace Ba'ara a wurinsu da iskokinta take yawo. Ya ajiye sandar a kan tebur da yatsa biyu, ya goge hannu a wando, ya ce in tattara in tafi, Allah ya ba da lafiya. Na riga na ɗaure ƙyallen, mota na hon, na tsinci wadda ya ajiye na soka a ɗankwalina na ruga.

Da la'asar na shiga gida, jajibirin kasuwa. Na leƙa Direba. Idonshi biyu, ya bi ni da kallo, leɓunanshi sun tsattsage. Na ce, "Kar ka kuskura ka mutu yanzu, na sha wuya." Na ajiye ƙullin a kan gado, na aiki Ramatu neman ƙwan zabo, ni na nufi wurin Jumma, Bafillatar da ke kawo mini madara, na tsaya a kanta har ta tatso mini sabuwa. Wuta babu tun safe, na biya na sayi ƙanƙara wurin mai injin.

Tun daga zaure na ji wani ƙamshi mai ɗaci. Na shiga ɗaki, hayaƙi ya cika shi. Yaya Ladi na durƙushe gaban kasko tana fifita garwashi, farin ƙyallena a ƙasa, ba komi cikinshi.

"Sannu da hanya," ta ce. "Na ga kin sha wuya kan maganin, na ce kar a ɓata lokaci. Amma an cuce ki, turaren nan ɗanye ne, da ƙyar ya kama. Sai da na juye duka."

Na duba kaskon. Gawayi.

Ba zan rubuta abin da na faɗa ba, Malama za ta karanta. Na dire madara, na fizge ɗankwalina zan ci ɗamara da shi, don ranar na yi niyyar a ji mu har bakin kasuwa. Sai wani abu ya faɗo ƙasa tsakanina da ita. Sandar da ɗan duwan ya ƙi taɓawa. Ta sha zufar kaina tun daga Gaya, ta lanƙwashe, amma ba ta karye ba.

Na tsugunna na ɗauka. Na ce, "Yaya, fitar da kaskon nan, ki zo ki fasa mini ƙanƙara." Ta fitar da shi, ta ɗauko taɓarya.

Na tsaga, na kankare, ƴaƴan sunka fito baƙi kamar kwalli a bakin wuƙa. Na haɗa madarar da ƙwai na ɗora a wuta, ina juyawa a hankali, don in ta tsinke ba ni da wata. Ta kama bayan cokali, na ja yatsa, hanya ta tsaya. Munka huce ta a ruwan randa, munka nutsa kwanon a bokiti. Ni na juya, Ramatu ta juya, Yaya Ladi ta karɓa tana juyawa tana kuka tana cewa ita ina ta sani. Ana kiran magariba ya fara kama gefen kwano, fari, da ɗigonshi ko'ina.

Ramatu ta tada babanta ta jingina shi da ƙirjinta. Na kawo fitila kusa don ya gani. Ya daɗe yana kallon cokalin. Ya buɗe baki. Na sa mishi, na ga maƙogwaronshi ya motsa.

Bakin nan karkatacce ya yi ta kokawa, sannan magana ta fito, mafi tsawo tun ranar da ya faɗi.

"Ba shi ba ne."

Yaya Ladi ta ce innalillahi. Ni kuwa na ji jinina ya hau. Na buɗe baki zan gaya mishi gulbin da na ƙetare da takalmi ɗaya, sai na ga shi ma ya buɗe nashi, yana jiran cokali.

Ya shanye kofin. Washegari da lokotoro ya zo, ya iske shi yana shan kunu, ya mayar da takardar Doso cikin jaka. Kwanson nan ɗaya na wanke shi na sake dafawa har ya daina ƙamshi, ragowarshi na tura a cikin sukari. Hajiya Sa'a ta kawo mini wasu a zuwanta na baya, ta ce tsohuwar ta tambaya ko na shanya.

Yanzu yana cin tuwo, yana takawa da sanda zuwa zaure. Galas kuwa duk Juma'a sai na yi mishi, kuma duk Juma'a sai ya ce ba shi ba ne. Ran nan na ce, "To tashi ka kai ni inda ake yin na gaskiyar." Ya ce in rage sukari, ya miƙo kofi.